Anti Birki da Mota Mai Kujera Biyu

Duk matar da ka gani riƙe da sitiyari a unguwar, in ka bi salsala, ko dai Anti Birki ce ta koya mata tuƙi, ko kuwa wata ce da Anti Birki ta koya wa. Sunan ba iyayenta suka raɗa mata ba, aikin ɗalibai ne. A motar da take koyarwa akwai birki na biyu da bakanike ya dasa mata a gefen fasinja, kuma ƙafarta ba ta taɓa yin nisa da shi ba. Ɗaliba za ta ga akuya, ko yaro da keke, ko katangar mutane, ta rikice ta danna totur, sai kawai ta ji mota ta tsaya cak. Ta waiga, ta ga Anti tana gyara ɗankwali kamar ba abin da ya faru.

Wai mutane su kira wannan wuri kujerar mai zaman banza. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama kusa da matar da ta fara riƙe sitiyari yau da safe ba. Anti Birki ta yi kusan shekara talatin a kujerar nan, ido ɗaya a titi, ɗaya a madubi, kunne a kan inji, baki kuma bai huta ba: saki kuloci a hankali, ba a ce ki jefar da shi ba, duba madubi, ba fuskarki za ki duba ba, hannu biyu, ƙanwata, sitiyari ba ludayi ba ne. Ba ta zagi, ba ta tsawa. Shi ya sa ma mata suka yi ta tururuwa wurinta, don yawancinsu sun riga sun gwada koyo a hannun mazajensu, sun dawo gida da kuka.

Ita kuwa a hannun mahaifinta ta koya. Direban motar gidan burodi ne, kuma ita ce babbar 'yarsa. Tun tana budurwa yakan tashe ta da sassafe ta raka shi rabo, in sun sauke kaya titi bai cika ba sai ya matsa gefe ya ba ta wuri. Nan aka gane yarinyar nan tana son gudu. Tsohuwar motar burodi ce da ƙofarta ma da igiya ake ɗaurewa, amma sai ta taka ta har farantan baya su hau kaɗe-kaɗe, uban yana dariya yana cewa a dai tuna da shi, yana da iyali. Daga baya ta yi aure, ta haihu, wata maƙwabciya ta roƙe ta ta nuna mata yadda ake ribas, wannan ta gaya wa waccan, kafin ka ce me ta zama malama mai allo a saman mota. Wadda aka sani da son gudu ta ƙare tana zagaye fili ɗaya da shataletale ɗaya, a tafiyar da mai keke zai wuce ta yana gaishe ta.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta, shi ne maigidanta. Mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyin hali da kaifin baki. Ta ɗora shi a kujerar direba ya fi a ƙirga, kullum sai ya kashe mota tun ba a bar ƙofar gida ba. Ƙarshe ya miƙa mata makulli ya ce, "Kin ga, ni duk injin da ya fi tafin hannuna girma ba ruwana da shi." Tun daga nan in sun shiga mota barci yake yi.

Abin da ya rufe makarantar gwiwa ce, ta hagu. Ta fara da ɗan ƙara in za ta hau bene, ta koma kumburi, ta koma hana ta tsugunno. Likita ya duba hoton ƙashin ya juya shi, ya ce mata gaskiya ba zai ɓoye mata ba, gaɓar ta cinye, magani zai rage zafi amma ba zai mayar da abin da ya tafi ba. Ta tambaye shi abu ɗaya da ya dame ta: kuloci fa? Ya ce nan da 'yan shekaru kaɗan zai gagare ta, wataƙila ma ba a kai haka ba. Ta yi masa godiya, ta fito, ta zauna a mota ta daɗe ba ta tayar ba. Ba mutuwa aka ce za ta yi ba, ta sani. Amma ta ji haushi, haushi sosai, don duk shekarun nan tana gaya wa kanta cewa wata rana za ta koma ɗaya gefen ta yi tuƙi don kanta, ashe ƙafar da take ajiye wa wannan rana tana can tana lalacewa.

Cikin watan ta sayar wa wata tsohuwar ɗalibarta motar koyarwa, da allon da birkin da komai. Abin da ta samu ya isa mota ɗaya, ba biyu ba. In ta yi zaɓen banza, shi ke nan, sai hawa motar haya.

Ɗanta ne ya fara kawo shawara. Shi da matarsa da 'ya'yansu uku suna zaune a saman benen gidan, iyayen a ƙasa. Yaro ne mai hankali, ma'aikacin banki, ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Ya sauko da yamma da hoton mota a waya, doguwa, fara, mai kujera bakwai, mai canja giya da kanta.

"Umma, kin ga wannan, ba kuloci, ba wahala. Gwiwarki za ta huta. In kuɗin bai kai ba ni zan cika."

"Kyakkyawa ce," in ji ta.

"Ga wuri kuma. Ko yara za ki ɗan sauke makaranta, duk za su shiga har da jakunkunansu."

Ya faɗe shi ne a tsakiyar magana, kamar abin da ya faɗo masa yanzu. Amma Anti Birki ta yi shekaru tana jin abin da inji ke faɗa a ƙasan ƙara, balle ɗan da ta haifa. Ta san yadda safiyarsu take: matarsa ma'aikaciyar jinya ce, wani lokaci tun duhu-duhu ta fita, shi kuma makarantun yaran suna gabas, bankinsa yana yamma. Ta san in farar motar nan ta shigo gidan, daga ranar an ɗauke ta aiki. Kai yara da safe, ɗauko su da rana, wannan darasin yamma, wancan asibiti, cefane a hanya tunda dai kin fita, Umma. Ba mugunta yake nufi ba, ko kusa. Buƙata ce ta yi masa yawa, ya waiga ya ga uwarsa ta ajiye aiki. Ta ce masa za ta yi tunani.

Tunanin kuwa ta riga ta yi shi tuntuni, a garejin bakanikenta. Shekara da shekaru tana kai masa motar koyarwa canjin kuloci, don ɗalibai cin kuloci suke kamar gyaɗa, kuma lokaci-lokaci takan tarar da wata mota a can ƙuryar rumfa. Motar tsere ce irin ta da, ƙofa biyu, kujera biyu, gajeriya har sai ka sunkuya kafin ka leƙa ciki, da dogon gaba. Da koriya ce shar, yanzu rana ta sha fentin saman. Duk zuwan da Anti za ta yi ta same ta, sai ta zagaya ta, ta shafa gefenta, ta ce wa bakanike, "Mai wannan yana jin daɗinsa." A satin da ta sayar da tata motar, bakanike ya kira ta ya ce koriyar nan fa an sa ta a kasuwa.

Bai yi mata daɗin baki ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Anti, ni na san motar nan ciki da waje, kuma ba zan cuce ki ba. Ta girmi babban ɗana. Mitarta ta haura kilomita dubu ɗari uku. Tana ɗan zubar da baƙin mai, shokozoba na baya sun gaji, in wani abu ya lalace a giyabos kuwa sai an yi odarsa, ki yi wata kina jira. Mai kuma tana sha kamar an aiko ta. Masu zuwa dubawa da sun ga mita sai su ja da baya."

"Su ja," in ji ta. "Motar da na sayar kilomita nawa ta yi?"

Ya yi dariya, don ya san inda ta dosa. Motar koyarwar ko rabin haka ba ta yi ba, amma ba abin da ba a canja mata ba sai lamba.

"To ka gani. Mita nisa take faɗa, ba ta faɗin wahalar da aka sha. Motar da ta yi doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙafa ɗaya mai hankali ta fi wadda mutum ɗari suka koyi tuƙi a kanta a cikin fili. Ni ba mita zan duba ba. Ka gaya wa mai ita ina so ya ɗauke ni, shi ya tuƙa, ni in zauna a gefe."

"Ba ke za ki gwada ba?"

"Zan gwada daga baya. In na tuƙa, abin da motar take yau zan ji. In shi ya tuƙa, zan ga abin da aka yi mata duk shekarun nan."

Wannan ita ce hanyarta, kuma ba ta taɓa ba ta kunya ba. Ko ɗaliba ce ta zo da shawarar sayen mota ta hannu, haka Anti take cewa: sa mai ita ya zagaya da ke, ki kalli ƙafarsa.

Mai motar wani dattijo ne, safiyo mai ritaya, irin waɗanda ke auna hanya kafin a zuba kwalta. Dogo ne siriri, da tabarau mai kauri, gidansa tsaf, har tiyon ban ruwa an naɗe shi an rataye. Da hantsi ta isa. Ya tarbe ta da mutunci, ya buɗe mata bonet, ya nuna mata but, ya miƙo makulli. Da ta ce a'a, shi take so ya ja, sai ya janye hannunsa.

"Malama, ai mai saye shi ke gwadawa."

"Haka ne, Yallaɓai. Ni dai tawa al'adar ke nan, ka yi haƙuri da ni."

Ya dubi makullin a hannunsa, ya dubi motar. Ta ga yana so, yadda mai ciwon suga ke kallon shayin wani. Ya ce to, ba laifi, su ɗan zagaya.

Shiga motar ma aiki ne. Sai da ta riƙe rufin ta zura ƙafar dama, ta sauke jiki kamar mai zama a tabarma, sannan ta jawo gwiwar hagu da hannu. Ciki yana ƙamshin tsohuwar fata. Dattijon ya tayar, bai taɓa totur ba, ya bar inji ya yi ɗumi yana saurare. Ƙarar tana fitowa daga ƙasa, mai kauri, ba tari ba kakari. Ya sa giya da yatsa biyu, ya saki kuloci, motar ta tashi ba ka ce ta motsa ba. Anti ta saci kallon ƙasa: yana gama canja giya ya ɗauke ƙafarsa gaba ɗaya ya ajiye a gefe, ba irin masu jingina ƙafa a kan kuloci suna cinye shi ba. Hannunsa bai kwanta a kan sandar giya ba. Kafin kwana yake rage gudu, ba a cikinta ba. Kai, in da ɗalibanta suna tuƙi haka da tuni ta yi ƙiba. Kafin su kai ƙarshen layi ta gama sanin cewa ba a taɓa wulaƙanta motar nan ba.

Sai kuma ta fara ganin wani abu. Titunan nan ta san su kamar tsakar gidanta. A gaban wata makaranta dattijon ya rage gudu sosai, ya lallaɓa ya haye tudun rage gudu, alhali an fasa tudun nan tun bara, wurin sumul yake. Can gaba ya kauce wa wani rami da aka riga aka cike. Ta dube shi: ya miƙa wuya gaba, ya ƙanƙance ido, yana ɗan karkata kai gefe kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Mutumin nan ba titin yau yake bi ba, wanda ya haddace yake bi.

Bayan shataletale ma'aikata sun tone rabin hanya, sun jera durom-durom masu ja da fari. Ko makon jiya ba su nan. Motar ta nufe su kai tsaye, ƙafar dattijo tana kan totur. Ƙafar Anti ta daki ƙasa da ƙarfi, ta sami dardumar mota kawai. Ba birki. Abin da ya rage mata murya ce, kuma ta san in ta yi ihu zai firgita ya murɗe sitiyari cikin masu tahowa.

"Yallaɓai, ɗaga ƙafa," ta ce, a muryar da take wa ɗaliba ranar farko. "Yawwa. Birki yanzu. Ƙara. Ƙara. Riƙe nan."

Motar ta tsaya, tsakaninta da durom na farko bai fi taku ba. Wani lebura ya ɗago kai ya dube su, ya ci gaba da haƙarsa. Ta sa shi ya ja gefe a hankali, tana gaya masa dama kaɗan, miƙe, tsaya. Ya kashe inji.

"Kin gane ko?" ya ce, bai dube ta ba.

"Tun a gaban makaranta."

Ya cire tabarau ya riƙe. Ya ce tsakiyar ganinsa ne ke tafiya, gefe-gefe kawai ya rage, kuma likita ya ce ba dawowa. 'Ya'yansa sun ɗauka tsadar mai ce ta sa zai sayar. Bai gaya wa kowa ba, ya daina fita da ita ne kawai, yau kuma da ta ce ya ja, zuciya ta rinjaye shi.

"Laifina ne da na matsa maka," in ji Anti. "Amma zan gaya maka abin da nake gaya wa kowa, ko ya ji daɗi ko kada ya ji. Daga yau kada ka sake. Kuma ka gaya wa 'ya'yanka kafin wani ya gaya musu."

Ya gyaɗa kai. Sai ya ce duk kilomitocin nan da ake gudu, na aiki ne, daga wannan wurin awo zuwa wancan, kullum ana jiransa. Akwai wata hanya da ta bi ta bayan duwatsu, shi ya auna ta da ƙafarsa tun tana daji, kwana-kwana ce mai daɗi, ya yi ta cewa in ya yi ritaya zai je ya bi ta ba don kowa ba. Ya yi ritaya, aka ce gyaran gida, aka ce wannan, aka ce wancan. Yana ta ajiye tafiyar har ido ya riga shi.

Tausayinsa ya kama ta, har ta ce in ta sayi motar za ta zo ta ɗauke shi su je. Ya yi murmushi ya mayar da tabarau.

"Na gode, Malama. Amma in a gefe zan zauna, gara in zauna a gida."

Ba ta ji haushi ba. In akwai wanda ya san gaskiyar wannan magana a duniya, ita ce.

Ita ta ja su zuwa gida. Kulocin motar tauri gare shi kamar ana taka dutse, tun a takun farko gwiwar ta yi mata magana. A danja kuma, Allah ya isa, motar ta mutu a hannunta. Malamar tuƙi guda, a tsakiyar titi, na baya suna ta hon. Ta tayar tana dariya ta ce wa dattijo kada ya kuskura ya ba da labari. Amma da titi ya buɗe ta ɗan taka, motar ta amsa nan take, ta ji kujera ta tura ta a baya, sitiyari yana gaya wa tafin hannunta duk abin da taya ke takawa. Rabonta da jin haka tun motar burodi. Murna ta cika ta har ta ji kunyar dattijon da ke gefe.

Duk da haka ba ta yanke a ranar ba, don ita ba yarinya ba ce. Ta sa bakanike ya hau da motar kan rami, ta sunkuya iya yadda gwiwa ta yarda, ya haska mata da tocila. Ƙasan ba tsatsa, ba alamar an taɓa yin karo an miƙe. Inda mai ke zuba ya nuna mata, ya ce wannan aikin yini ɗaya ne. Lagireto yana so a wanke, tayoyin baya a canja. Giyabos dai ba wanda zai yi mata rantsuwa a kansa, zai iya kai shekaru, zai iya tsayawa wata mai zuwa. Ta tambaya ko ana iya sassauta kulocin. Ya ce kaɗan, ba da yawa ba, haka aka ƙera shi.

A gida ta zauna ta jiƙa tawul da ruwan zafi ta ɗora a gwiwa, ta zayyana wa maigidan komai, har abin da ba ta so ta ji da bakinta: motar nan za ta iya cin ɗan abin da ya rage mata, kuma taurin kulocin zai iya rage mata kwanakin tuƙin ma. Farar motar da ɗansu ya nuna mata kuwa za ta kai ta shekaru masu yawa tana tuƙi.

Maigidan yana kan teburinsa da gilashi a ido ɗaya, yana tsintar wani ɗan ƙaramin noti. Bai ɗago ba ya ce, "Shekaru masu yawa kina tuƙa wa?"

Ta gyara zaman tawul a gwiwa.

"Ni dai in kin saya, ki tambaya ko kujerar tana kwantawa. In ba ta kwantawa ba inda za ni."

Ranar Asabar da rana ta kira ɗanta ya sauko. Koriyar motar tana tsakar gida, an wanke ta, yaran sun kewaye ta suna leƙe. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa mita, ya miƙe. Ta kora yaran sama, suka shiga falo.

"Umma, kin saya ke nan."

"Na saya."

"Motar da ta kusa sa'ata. Kin ga mitarta kuwa? Ga gwiwarki. Kuma kujera biyu ce fa, Umma. Ina yara za su zauna?"

"Ba inda za su zauna. Shi ya sa na saye ta."

Ya dube ta kamar ta mare shi. Ta ga haka, kuma ya yi mata ciwo, amma ba ta janye ba. Da ta so, da ta ɓoye a bayan araha, ko ta ce bakanike ne ya zuga ta. Ba halinta ba ne.

"Zauna ka ji. Yaran nan ina son su fiye da yadda nake son ka, kai ma ka sani. In ɗaya ya yi zazzaɓi ka buga mini ƙofa, ko da rarrafe zan kai shi asibiti. Ran da na ga dama zan ɗauki ɗaya mu sha iska, gobe in ɗauki wani. Amma ba zan karɓi aikin kai su da ɗauko su ba. Tun kafin a yaye ka nake zaune a mota ina kai mutane inda suke so. Ƙafar nan saura kaɗan ta ƙare, kuma abin da ya rage a cikinta nawa ne."

"Ni ban ce ki zama direbanmu ba."

"Ba ka ce ba. Da ba za ka taɓa cewa ba ma, sai dai mu wayi gari na zama."

Ya ce shi dai ya ɗauka in an shiga matsi uwa ake fara tunawa. Ta ce haka ne, kuma ta san matsin da yake ciki, za ta taya shi neman motar makaranta mai aminci, ta san direbobin garin nan kaf, ta san wanda ke da hankali. Ya ce ba sai ta wahala ba. Ya tashi ya hau sama, shayin da ta zuba masa ko taɓawa bai yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye. Anti ta ji abin a ranta ƙwarai. Ɗa ɗaya gare ta, kuma bai taɓa juya mata baya haka ba. Motar tana gareji ana gyaran mai da tayoyi, ita tana gida tana jin takun jikokinta a saman kanta, wani lokaci ta ce anya, wani lokaci ta ce ko gobe aka sake haka za ta yi.

Safiyar da ta fara fita da motar ranar aiki ce. Ta fito ta tarar da tsakar gida a hargitse. Matar ɗanta ta riga ta tafi asibiti, shi kaɗai yake fama: babbar ta manta littafi ta koma sama, na tsakiya takalmi ɗaya a ƙafa, ƙaramin yana kuka wai ba wannan gorar ruwan yake so ba. Ɗan nata da rigar aiki, gumi ya riga ya jiƙa bayanta, yana duba agogo. Ƙaramin makarantarsa daban ce, kuma kujera ɗaya ta ishe shi. Anti ta tsaya da makulli a hannu. Kalma ɗaya za ta faɗa, kawo shi nan, yau kawai. Ta san kuma babu wani yau kawai. Ta durƙusa da ƙyar ta ɗaure wa na tsakiya igiyar takalmi, ta share wa ƙaramin hawaye, ta sa shi a motar ubansa, ta rufe ƙofa.

Ta shiga tata, ta jawo gwiwa da hannu, ta tayar, ta bar inji yana ɗumi. Sai ta ga ɗanta ya bar motarsa a kunne ya tako. Ya sunkuya sosai kafin fuskarsa ta kai tagar.

"An duba ruwan lagireto?"

"An duba."

"Wayarki da caji?"

"Da caji."

Ya dubi ƙafarta a kan kuloci.

"In ƙafar ta gaji, kada ki yi ta maza. Ki tsaya ki kira ni, duk inda kike zan zo."

"To," ta ce.

"Ina za ki ne ma?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya gyaɗa kai, ya je ya buɗe mata ƙofar gida duk da ya makara, ya tsaya riƙe da ita har ta fita.